Amsa: Najeriya ta taɓa cin kofin ƙwallon hannu na matan Afirka?

Malama, game da tambayarki ko Najeriya ta taɓa ɗaukar kofin ƙwallon hannu na matan Afirka, ƙwarai kuwa ta taɓa. A shekarar 1991 'yan wasanmu suka ci gasar a Masar, kuma wannan nasara ce ta kai su wasannin Olamfik na 1992 a Basalona. Daga nan ba su sake ɗaga kofin ba, abin da ke damuna matuƙa.

Angola ce ta fi kowace ƙasa cin gasar tun bayan nasararta ta farko a 1989, domin kulob-kulob ɗin Luanda irin su Petro da Primeiro de Agosto suna renon 'yan mata tun suna ƙanana. Ko a gasar 2024 a Kinshasa, ita ta doke Senegal a wasan ƙarshe.