Sa Hannun Fensir da Takardar Shaida Sun Isa Su Tabbatar da Litograf?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Faransa, kuma na fara tara litograf, wato hotunan da ake bugawa daga zanen da aka yi a kan dutse, na yanayin ƙasa. Kwanan nan na sayi wani na mai zane Yves Brayer mai nuna fararen dawakan Camargue, wani yanki a kudancin Faransa, a cikin fadama, da lamba 87/150 (wato na 87 cikin 150 da aka buga) da sa hannu da fensir, har da takardar shaida. Yanzu wani abokina ya ce mai yiwuwa bugun inji ne, hankalina ya tashi. Shin takardar ba ta isa hujja ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka tukuna, domin Brayer, wanda ya rasu a 1990, ya yi litograf masu yawa na Camargue da Provence, kuma ba abin mamaki ba ne naka ya kasance na gaske. Sai dai takardar da ka dogara da ita ba ta tabbatar da komai ba.

Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan takarda, mai hatimi da zanen ado a gefe, a ce wai ita ce hujja, kuma abin yana ƙona mini rai. Wa ya rubuta ta? Mai sayarwa ne. Wanda ya iya buga hoton jabu, takarda guda ba za ta gagare shi ba. Takardar shaida tana da nauyi ne kawai idan ta fito daga magadan mai zanen, ko ɗakin bugun da ya yi aikin, ko masanin da gidajen gwanjo irin na Drouot suka yarda da shi. Haka lambar fensir take: yaro ma zai iya rubuta 87/150. Ko sa hannun gaskiya ba ya wanke hoto, tunda Salvador Dalí ya sa hannu a kan dubban fararen takardu, daga baya aka buga abin da aka ga dama a kansu. Na taɓa riƙe wani hoto da aka ce Raoul Dufy ya sa wa hannu, alhali an buga shi shekaru bayan mutuwarsa a 1953, mai shi kuma ya kai ni ƙofa yana rantsuwa da takardarsa.

Dokar harajin Faransa ta fayyace cewa litograf na asali shi ne wanda mai zanen ya yi da hannunsa a kan dutse ko faranti, aka buga adadi ƙayyadadde, ba tare da ɗaukar hoto ta inji ba. Dokar Marcus ta 1981 kuma ta ɗaure mai sayarwa da kalmomin da ya rubuta, saboda haka ka duba rasiɗinka: idan akwai "d'après", wato "bisa zanen wane", to wani ne ya kwaikwayi zanen, kuma darajarsa ta ragu ƙwarai.

Ka cire hoton daga firam a hankali, da hannu mai tsabta, ka duba sararin samaniyar da ke cikin hoton da gilashi mai ƙara girma sau 10. Idan ka ga ɗigo-ɗigo a jere kamar saƙar zuma, bugun inji ne. Litograf na gaske yana nuna gurzar alli a kan dutse, barbaɗin launi ba tsari, kuma launuka suna ɗan hawa juna a gefe. Ka ɗaga takardar wajen haske ka nemi tambarin masana'antar takarda irin Arches ko Rives, sannan ka auna tsawo da faɗi, ka gwada su da abin da kundin ayyukan mai zanen ya ƙunsa. Akwai gidan tarihin Brayer a Les Baux-de-Provence. Ka aika musu hoton gaba da baya, tare da na sa hannun daga kusa. Kada ka yanke gefen takardar ko ka goge komai kafin amsa ta zo, kuma ka adana rasiɗin, domin da shi za ka nemi kuɗinka idan ya tabbata jabu ne.