Tambaya da Amsa: Na daɗe ina koyon Larabci, amma kamar ban motsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina zuwa ajin Larabci Asabar da Lahadi, awa biyu-biyu. Har yanzu in na ɗauki jarida ko na kunna labarai, sai in ji kamar ban taɓa shiga aji ba. Kaina ne ba ya ja, ko in canza malami?
Wata ɗaliba daga Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a ɗora wa malami laifi, a yi lissafi. Awa huɗu a mako, in an cire hutun azumi da na salla da ranakun fashi, da ƙyar ta kai awa 260. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna tana ware wa Larabci kusan awa 2,200 a aji, Faransanci kuwa 600 zuwa 750. Wannan ma'auni na masu jin Turanci ne. Ke da kika san baƙi da wasali tun makarantar allo kin ɗan tsere musu, amma da sauran tafiya.

Akwai kuma dalilin da ke ɓoye miki ci gabanki. Masanin koyon kalmomi Paul Nation ya nuna, a kan masu koyon Turanci, cewa sai mutum ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya karanta rubutu cikin sauƙi ba tare da ƙamus ba. Ɗauka bara kin san 80 cikin 100, bana kin san 90. Kin rage rabin abin da ba ki sani ba, aiki ba ƙarami ba. Amma har yanzu kusan kowane layi da baƙuwar kalma a cikinsa, kuma sau da yawa ita ce ke ɗauke da ma'anar jimlar. Shi ya sa a ranki 90 take daidai da 80. Ƙari a kan haka, kullum da sabon rubutu kike gwada kanki, wato ma'aunin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

To, ki tsayar da shi. Zaɓi labarin jarida guda mara wasali, ki buga shi kwafi huɗu. A kwafin farko ki ƙirga kalma 200, ki ja layi ƙarƙashin duk wadda ba ki sani ba, ki rubuta adadin da kwanan wata. Kada ki duba ma'anarsu, in ba haka ba gwajin ya lalace. Bayan wata uku ki ɗauko kwafi na biyu. Haka ma magana: ki naɗi muryarki a waya, minti biyu kina bayanin yadda kika wuni, ki ajiye. A ganinmu gwada kai duk mako ɓata rai ne kawai, don tazarar ba ta isa a ga bambanci ba.

Tsakanin Litinin da Juma'a kuma kada littafi ya kwana a jaka. Minti 30 kullum zai ƙara miki awa biyu da rabi a mako.

Tambaya: Malam, ina haddace kalma 40 a rana, amma kafin mako ya zagayo sun gudu.
Wani ɗalibi daga Maraɗi

Amsa: Sun yi yawa, ɗan'uwa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a awanni da kwanakin farko. Ka koma kalma 10, kowace a cikin jimlarta; suna tare da jam'insa, fi'ili da maliyinsa da mudari'insa, wato sigarsa ta abin da ya wuce da ta abin da ke faruwa yanzu ko zai faru. Ka yi bita washegari, sai bayan kwana uku, mako ɗaya, mako biyu, sannan wata. Rufe ma'anar za ka yi ka kawo ta da ka, domin kallon kalma kana cewa "na san ta" ba bita ba ce. Wadda ta kufce maka sai ta koma layin washegari. Kati na takarda, kalma a gaba ma'anarta a baya, ya wadatar; manhajar bitar kalmomi ta Anki ma irin tsarin da take bi ke nan.