Daina, gama, ƙare, dakata: kowace da gurbinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamar Hausa ce a wata firamare a Gusau. 'Yan aji biyar ɗina suna rubuta "na daina aikin gida" alhali sun yi shi duka, wani kuma ya rubuta "tawada ta gama". Kunnena ba ya karɓa, amma na rasa bayanin da zan yi musu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa aikinki albarka. Kunnenki bai yaudare ki ba. Ki koya wa yaran su riƙa tambayar kansu abu ɗaya kafin su rubuta: akwai saura ko babu?

Wanda ya gama aiki ya kai shi ƙarshe, babu saura. Wanda ya daina kuwa ya cire hannu ne kawai, ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba. Magini ya gama gini, sai a tare. Magini ya daina gini, sai a je a tambaye shi ko kuɗin siminti ne suka yanke. Shi ya sa daina ta fi zama da ɗabi'a da abin da aka saba yi: ya daina shan taba, ta daina zuwa gidanmu, yaro ya daina kuka. Ku a wajenku da ƙasar Sakkwato ma "bari" kuka fi sa wa a nan, "ya bar zuwa", "bar kuka", kuma Hausa ce tsantsa, kada ki ja wa yaro jan biro a kanta.

Gama tana son mai yi da abin da ya yi. Tawada ba ta aikata komai ba, ita ce ta tafi, don haka ƙarewa ta yi. Hatsi ya ƙare a rumbu, mai ya ƙare a mota, yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Ƙare tana shiga gidan gama, ana cewa "na ƙare aikina", amma gama ba ta cika shiga gidan ƙare ba. In wani mai wayo a ajin ya kawo miki "aikin gama ya gama", ki yaba masa, ki ce wannan magana ce da aka gada a dunƙule, ba a auna sauran jimloli da ita.

Akwai biyu da nake jin yaran yanzu suna sakaci da su, kuma abin yana damuna. Ɗaya ita ce fasa: barin abu tun ba a fara ba. An fasa tafiya, an fasa auren. Auren da aka ɗaura ba a fasa shi, mutuwa yake yi. Ɗayar kuma ƙarasa, wato cike ɗan abin da ya rage, kamar uwa ta ce wa ɗanta ya ƙarasa tuwonsa.

Sannan ki nuna musu cewa abubuwa da yawa suna da kalmarsu ta kansu. Ruwan sama ɗaukewa yake yi. Salla idar da ita ake yi ko a sallame. Almajiri sauke Alƙur'ani yake yi, a yi masa walimar sauka. Jariri yaye shi ake yi, kasuwa ta tashi ko ta watse, tatsuniya a rufe ta da ƙurunƙus. Yaron da ya ce "na gama Alƙur'ani" an gane nufinsa, amma ba haka ake faɗa a tsangaya ba.

TAMBAYA: Malam, ɗalibin jami'a ne ni a Zariya. A rediyo wani ya ce "an dakatar da yajin aiki", wani ya ce "an kawo ƙarshensa". Duk ɗaya ne?

AMSA: Ba ɗaya ba ne ɗana, kuma kai ne bambancin ya fi shafa. Dakata tsayawa ce mai jiran wani abu. Direba ya tsaya, ƙila ya iso ke nan. In ya dakata, akwai sauran tafiya. To haka dakatarwa take, ƙofar komawa a buɗe take.

Yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga ranar 14 ga Fabrairun 2022 ya ci wata takwas, kuma abin da ƙungiyar ta sanar ranar 14 ga Oktoba dakatarwa ce, ba ta ce buƙatunta sun biya ba. Mai labaran da ya ce wa iyaye "an kawo ƙarshen" rikicin ya ba su kwanciyar hankalin da ba a ba shi ba, alhali tsugune ba ta ƙare ba. Haka gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Yunin 2021, ta ɗage dakatarwar a Janairun 2022, aka ci gaba da amfani da shi. Da sokewa aka yi, da babu abin ɗagewa.

Inda kuskuren ya fi ciwo shi ne a kan mutane. Lokacin da Shugaba Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya a Fabrairun 2014, kalmar da ke cikin sanarwar ke nan, ko da yake bai koma kujerar ba. Ma'aikacin da aka dakatar ana bincike ne, ba a yanke masa hukunci ba tukuna. In ɗan jarida ya ce an kore shi, ya kai labarin gidan surukansa da masallacin unguwarsu, kuma in bincike ya wanke shi ba kowa zai ji gyaran ba. Kora daban, sallama daban, ajiye aiki da murabus kuma mutum ne da kansa ya sauka, ko da matsa masa aka yi. Haka kuma tsagaita wuta ba sulhu ba ce, sassautawa ce ta ɗan lokaci.

Saboda haka in ka ji "an dakatar", ka koma makaranta ka riƙe karatunka da kyau, amma ka ci gaba da sauraron yadda zaman gwamnati da malaman naku ke tafiya.