Yaron da Ba Ya Son Karatu a Bayyane

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce tunda kika ɗauki nauyin koyar da yaron a gida, lissafi da rubutu suna tafiya daidai, amma da zarar kin ce ya karanta a bayyane sai ya ɗaure fuska. Kina tambaya ko ki tsayar da shi gaban mutane ya karanta dole, kamar yadda aka saba. Kada ki yi. Yawanci ba ƙiwa ba ce, tsoron kuskure ne. A aji yaro yana jin sa'o'insa suna tuntuɓe, sai ya san ba shi kaɗai ba ne. A gida kuwa duk kunnuwa a kansa suke.

Fara duba littafin, don sau da yawa nan matsalar take. Ba shi shafi ɗaya, ki ƙirga a zuci kalmomin da suka gagare shi. In sun kai 5, littafin ya fi ƙarfinsa. Nemo wanda zai iya karanta aƙalla kalma 9 cikin 10, ko da kina ganin na ƙanana ne. Idan duk ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali, babu sauran hankalin da zai bi ma'ana, kuma karatun da ba a fahimta ba ya daɗi.

Sannan kada ki bar shi ya fara shi kaɗai. Ki biya masa jimla ɗaya, yatsanki a ƙarƙashin layin, da tsayawa inda aya take, shi kuma ya maimaita. Bayan haka ku karanta tare, murya biyu, ki rage saurinki zuwa nasa. Ku yi alama tsakaninku: in ya taɓa hannunki, ki yi shiru ya ci gaba, in ya maƙale, ki dawo ku haɗu. Wannan ya fi komai amfani, domin shi ke zaɓen lokacin da za a ji muryarsa. Sakin layi ɗaya ya karanta shi sau 3 ko 4 cikin kwanaki kafin ku wuce. Maimaicin ne ke kawo saurin baki.

Wajen gyara ne iyaye suka fi ɓata abu. In ya tsaya, ki ƙirga 5 a zuci kafin ki buɗe baki. In bai samo ba, rufe rabin kalmar ya ɗauke ta gaɓa-gaɓa, in ta ƙi ki faɗa masa ku wuce. Kuskuren da bai canza ma'ana ba, bar shi sai an kai ƙarshe. In ya gyara kansa, yabe shi a kan wannan musamman.

Minti 10 zuwa 15 kullum sun isa, a lokacin da bai gaji ba, kuma ki rufe littafin tun yana da sauran marmari. Kada karatu ya zama horo. Ƙaninsa ma mai sauraro ne nagari, tunda ba ya gyara.

Rikita b da d abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7. Amma in ya wuce nan yana yi, ko yana tsallake layi, yana murza ido, ko kalmar da ya karanta yanzu ta ɓace masa a layi na gaba, kai shi a duba idonsa da kunnensa, sannan ki nemi ƙwararre kan matsalar koyon karatu ya gwada shi.