Me ya sa ƙananan jami'o'in Amurka ke kai kansu a lallasa su a wasanni?

Malam ka tambaya me ke kai ƙaramar jami'a gidan babba tana sane kashi za ta sha, to wallahi kuɗi ne kawai. Babbar na son wasa a filinta don tikiti da talabijin, sai ta biya ƙaramar ta zo, kuma ba zancen ramuwa a gidan ƙaramar. Da wannan kuɗin ake biyan bas da otal da abincin 'yan wasa, har ya ɗauki nauyin wasannin da ba sa kawo ko sisi, irin guje-guje.

Ka duba ƙwallon kwando, makarantu irin Texas Southern sukan cinye Nuwamba da Disamba kusan duk a hanya, yara na aikin aji a cikin bas da ɗakin otal, ga gajiya ga jarrabawa, ni dai abin na ba ni tausayi gaskiya.

Amma wani lokaci reshe na juyewa da mujiya. A 2007 babbar jami'ar Michigan ta biya ƙaramar jami'ar Appalachian State dala dubu 400 ta zo gidanta a garin Ann Arbor wasan ƙwallon Amurka, baƙin suka ci 34 da 32, suka kwashi kuɗinsu suka yi gida.