Rulmar gaba na kuka: okaziyo ko sabuwa?

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tawa: "Ina da Corolla ƙirar 1998. Tun bayan damina ƙafar gaba take gurnani idan na haura kilomita 60. Makanike ya ce rulma ce, ya ce in sayi okaziyo ta fi arha, kuma a canja duka biyun. Ƙarshen wata zan kai iyali Yamai. Me zan yi?"

Malam, kafin ka ciro ko dala ɗaya, ka tabbata rulmar ce, wato abin da 'yan uwanmu na Illelar Najeriya ke kira boris. Tayar da ta cinye ba daidai ba ita ma tana gurnani. Ka maida tayoyin gaba baya ka saurara. In kukan bai ƙaura ba, ka sami kwalta marar cunkoso, ka riƙa karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Idan ƙarar ta ƙaru sa'ad da ka karkata hagu, galibi ta dama ce ta mutu, don nauyin motar can yake komawa. Sannan a ɗaga motar, ka dafa sifirin da hannu ɗaya, yaro ya juya tayar. Lalatacciyar rulma za ka ji ta a tafinka kamar tsakuwa cikin tuwo. Amma in ƙas-ƙas-ƙas kake ji wajen shan kwana, wannan kardan ne, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya.

Maganar okaziyo kuwa, ban yarda ba. Rulmar gaban wannan Corolla rufaffiya ce, da man giris ɗinta a ciki, kuma da ƙarfin inji ake dannata cikin mazauninta. Ba irin ta tsohuwar Hilux ba ce da ake warewa a wanke a sake cika ta da giris. Wajen cirota, zoben ciki yakan maƙale a jikin ƙarfen da taya ke ɗaure a kai, ya rabu da sauran. Wadda aka ciro daga wata motar ta riga ta ji jiki tun kafin ta zo hannunka. In aljihu ya matsa ƙwarai, gara ka sayi dukan ƙafar okaziyo da rulmarta a ciki ba a taɓa ba, ka juya ta da hannu ka ji santsinta. Shi ma sa'a ce.

Ka nemi sabuwa: Koyo, NSK ko NTN na Japan, SKF ko SNR. Sai dai sunan da ke kan kwali ba shaida ba ne, jabu ya cika kasuwa. Duba lambar da aka zana a jikin ƙarfen ta dace da ta tsohuwar, kuma in kuɗin ya yi araha fiye da hankali, ajiye musu abarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun da zai saka ta. Na sha ganin sabuwar rulma ta fara kuka cikin makonni, a zagi mai shago, alhali guduma ce ta kashe ta a garaji. Kowane bugu yana lotsa hanyar da 'yan ƙwallayen ke bi. Tambayi makanikenka kai tsaye: yana da injin dannawa? In babu, ya kwance ƙafar ku kai wa mai shi. A mayar da zoben da ke riƙe ta, a sa sababbin robobin tare ƙura, domin rairayinmu da ruwan ƙorama su ne ajalin rulma. Babban notin kardan kuma a ɗaure shi da makulli mai awo, ƙarfinsa ya haura Nm 200 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), ba yaro ya hau kan bututu yana tsalle ba. Bayan nan a duba saitin ƙafafu.

Duka biyun? A'a, ba birki ba ce. In ta ɗaya gefen shiru take kuma ba ta girgiza, bar ta, kuɗin ya tafi kan ta ƙwarai guda.

Kada ka ɗauki hanyar Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso da wannan kukan. Sama da kilomita 500 ne, ga lodi ga zafin rana, kuma rulmar da ta ɗau zafi tana iya cijewa ana cikin gudu. A yi aikin mako guda kafin tafiyar, ka gwada motar zuwa Badagishiri ka dawo, tagogi a rufe, rediyo a kashe.