Amsa: Me ya raba gidajenmu da noman gyaɗa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kakanku ya yi suna da gyaɗa amma mahaifinku bai gaje shi ba. Gidanmu ma haka ne, a ƙasar Bichi.

Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 gyaɗa ta zama kuɗi. Kakana, Allah ya jiƙansa, da ita yake biyan haraji, ya aurar da 'ya'ya. Noman gandu ake yi, uba da 'ya'yansa maza a gona ɗaya, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Da kaka, mata su kwana ɓarar gyaɗa har hannu ya yi kanta, a ɗora buhuna kan jakuna.

Sai farin 1973 ya zo, cutar da ƙwari ke yaɗawa ta biyo a 1975, ko iri bai tsira ba. Babanmu ya koma gero da wake, da rani ya tafi ci-rani. Da aka raba gado, gonar ta zama gutsi-gutsi.

Don Allah, in akwai tsohuwa a gidanku, je ka ɗauki muryarta a waya. Su ne suka riƙe sunayen gonakin da iyakokinsu.